Tarin da Ya Raba Ni da Aikina a Ƙaura

Shekarun baya, tun muna cikin jihar Sakkwato, na yi aiki da wani kamfani mai sayen auduga da gyaɗa a Ƙaura Namoda, can wajen tashar jirgi. Ni ke kan sikeli. Albashin ba wani abin kirki ba ne, amma ina da riga mai aljihu da biro a maƙale, in na shiga kasuwa ana ce mini ma'aikaci. A lokacin gani nake in ban zo ba, sikelin nan ba zai yarda ya yi awo ba.

Da kaka tari ya fara mini. Na ɗauka ƙurar auduga ce, na yi ta shan citta da zuma. Sai rama, sai wandona ya fara zamewa, har ranar da na tofar da yawu na ga jini. A asibiti aka ce tarin fuka ne. Malamin da ya duba ni ya ce akwai magani, amma allura ce ta watanni, kuma in yi nesa da mutane, musamman yara.

Matata tana goyon ɗanmu na fari. A wurin aiki kuwa kwano ɗaya muke ci, moɗa ɗaya muke sha. Na ga ba ni da wurin zama a Ƙaura. Na mayar da matata gidansu a Shinkafi, ni kuma na nufi ƙauyenmu kusa da Zurmi, inda mahaifiyata take. Kafin in tafi na tsaya nesa da abokina, direban motar kamfanin, na ce ya faɗa wa manaja halin da nake ciki. Bayan kwana biyu ya biyo da mota ya ce, "Na hwaɗa mai. Ya ce Allah shi ba ka lahiya."

Ni dai na ɗauki wannan addu'a a matsayin an ba ni hutu. Ban san ana kai takardar likita ba. Babu wanda ya taɓa gaya mana, ni kuma da nake taƙama da biro ban taɓa tambaya ba.

Akwai wani ɗaki a bakin gonarmu inda ake ajiye kara, nan na share na zauna. Da safe in hau jaki in je Zurmi a yi mini allura, in dawo in kwanta. Na roƙi mahaifiyata ta riƙa ajiye abinci a bakin ƙofa ta koma. Ta yi haka sau ɗaya. Washegari sai ga ta ta shigo da tabarmarta.

Na ce, "Inna, don Allah ki hita. An ce ɗauka akai."

Ta ce, "Ni na haihe ka. Tashi ka sha kunu tun bai huce ba."

Ita ke wanke mini kwano, ita ke riƙe mini kai in tari ya sarƙe ni. Na yi faɗa, na yi magiya, har ƙanenta na sa ya yi mata magana. Duk da haka ba ta bar ɗakin ba.

Damina ta kusa faɗuwa na samu sauƙi. Na yi aski, na sa rigar aikina da ta yi mini yawa, na hau mota zuwa Ƙaura ina murna. Ina shiga na tarar da wani a kan sikeli, yana awo lafiya lau. Akawu ya ja ni gefe, bai iya kallon idona ba. Ya ce tuni aka rubuta cewa na gudu daga aiki.

Na shiga wurin manaja. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Na ce, "Ranka shi daɗe, ai na aiko." Ya ce ya sani, amma saƙon baki ba ya shiga fayil. Doka ta ce wanda ya kwanta ciwo ya kawo takardar likita a kan lokaci, in bai kawo ba an ɗauka ya bar aiki, kuma daga sama aka turo wanda ya maye gurbina. Na ce don kada in shafa musu na tafi. Ya ce, "Allah shi saka maka. Amma abin ya hi ƙarhina."

A bakin ƙofa wani dattijo ɗan ƙungiyar ma'aikata ya tare ni. Shi ya fara gaya mini cewa ina da haƙƙin hutun ciwo, har da albashi na wani lokaci. Ya ce in karɓo shaidar asibitin da aka fara duba ni da ta inda na sha allura, in kai ofishin ƙwadago a Gusau, zai raka ni. Sai dai abin zai ɗauki zirga-zirga, kuma kada in bari ya yi sanyi.

Na koma ƙauye da niyyar karɓo takardar. Tun daga zaure na ji tarin. Na san shi, don na zauna da shi wata da watanni.

Inna ce ke yin sa. Na durƙusa na faɗa mata an kore ni. Ta ce, "Yaron nan da uwatai lahiya?" Na ce lafiya. "Abokan aikinka hwa, akwai wanda ya ɗauka?" Na ce babu. Ta ce, "To, mi kaka wa kuka?"

Ban je Gusau ba. Ni na riƙa ɗora ta a jaki zuwa Zurmi, ina tafe a ƙasa ina riƙe da ita. Jikin tsufa bai ɗauki allurar ba. Gero na fitar da kai ta rasu. Da na waiwayi maganar aiki, an yi wa manaja canji, dattijon nan kuma ya ce lokaci ya wuce.

Daga baya na kama sayar da hatsi tsakanin Shinkafi da Kasuwar Daji, Allah kuma ya rufa asiri. Yau ina da masu yi mini aiki. Duk wanda ya kwanta, da kaina nake cewa ya zauna gida, wurinsa na nan. Masu aikin ofis kuma ina gaya musu su tambayi ƙa'idar hutun ciwo tun suna da lafiya, su karɓi takarda ko da shugabansu ɗan'uwansu ne.

Aikin na daɗe da daina jin zafinsa. Abin da ban daina juyawa a raina ba shi ne, na yi nesa da kowa don in tsare su, kuma duk sun tsira, sai mutum ɗaya da ta ƙi yin nesa da ni. Wanda ya karanta wannan, ya sa ta a addu'a.