Karnen Rabi da ke Cikin Kwalla

Mun tashi daga Konni ana idar da sallar asuba, ni da gwaggona, kuma ba zan ɓoye muku ba, faɗa na tafi yi. Ƙanwata da ke aure a wani ƙauye bayan Badaguishiri ta haihu a gida, wata guda ke nan, amma ko allurar rigakafi ɗaya ba a yi wa jaririn ba. Surukarta ce ta hana. Wai allura ce ta sa wa Rabi, 'yarsu ta fari mai shekara huɗu, ciwon asma da ƙaiƙayin jiki, don haka ba za a sake ba.

A tasha direba ya karɓi jika biyu-biyu, ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, ya ɗora mini buhun wani a ƙafa. Muna karya kwana a Tsarnawa gwaggo ta sayi ƙosai mai zafi, ta ce in ci ko bakina zai yi sanyi. Ban ci ba. Ina ta jera maganganun da zan yaɓa wa tsohuwar. Da muka gangara kwarin Badaguishiri, garake sun yi kore shar da albasa da tumatir. Ranar kasuwa ce, amalanke sun cika hanya, ga kabeji kamar a ba ka kyauta. Daga nan muka hau babur zuwa ƙauyen, rairayi ya kusa kayar da mu sau biyu.

Ina ɗaga labulen ɗakin mai jego sai hayaƙi ya tare ni. An hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa don gashin jego, an toshe taga da tsumma saboda sanyi, ga kaskon turare a gefe. A nan Rabi take kwana. Na same ta zaune, ta dafa gwiwoyi, ƙirjinta na kuka kamar 'yar kyanwa. Raina ya ɓaci matuƙa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na fito tsakar gida.

Na ce, "Inna, kun rufe yarinya cikin hayaƙi, sannan ku ce allura?"

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. "Ɗiyata, mu ma cikin wanga hayaƙi munka girma. Rabi lahiya lau anka haife ta. Ni da kaina nat tura uwatta likita sau huɗu, daga nan tari ya kama ta. Takarda na nan."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwalla, ta zaro karnen asibitin Rabi, wato katin rigakafinta, a naɗe cikin leda, ta miƙo mini da hannu biyu. Ita ba ta karatu. Shekara huɗu tana ajiye da shi a matsayin shaida.

Na buɗe. Layin farko kawai aka cika, allurar ranar haihuwa. Sauran gurabe fari fat, babu hatimi, babu kwanan wata.

Na juya na dubi ƙanwata, ta sunkuyar da kai. Sai da gwaggo ta daka mata tsawa ta yi magana. Ashe ranar allura takan zo daidai da ranar kasuwa, kuma duk sa'ad da aka tura ta sai a haɗa ta da kwandon tumatir ta sayar. In ta tsaya layin asibiti tumatir ya kwana ya ruɓe, in ta tsaya kasuwa a tashi daga allura. Sai ta riƙa zaɓar kasuwa, ta dawo ta ce an yi. Da asma ta bayyana aka ɗora wa allura laifi, kunya ta hana ta tona kanta.

Duk faɗan da na ƙullo daga Konni ya koma kan 'yar uwata. Na faɗa mata abin da ba zan rubuta a nan ba. Har yanzu ina jin haushinta, ina kuma jin haushin gidan da bai ga aibun haɗa lafiyar jaririya da kwandon tumatir ba.

Tsohuwar kuwa zama ta yi a kan turmi. Ta daɗe tana shafa karnen, sannan ta ce, "Shekara huɗu ina kallon yarinyar ga tana neman numfashi, ina cewa ni nac cuce ta."

Ita ta goya jaririn da kanta. Muka nemi amalanke, har da Rabi, muka isa asibiti ana shirin tashi. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya yi wa jaririn tasa, ya ce Rabi ma za a cike mata abin da ya rage idan ƙirjinta ya lafa. Ya yi mana bayani dalla-dalla cewa allurar ba ta jawo asma, ba ta kuma warkar da ita, amma yaro mai asma ya fi shan wuya idan ƙyanda ko tari mai shiƙa ya same shi. Ya rubuta maganin shaƙa, ya ce a raba ta da hayaƙi.

Wutar jego dai tsohuwa ta ce ba za a kashe ba sai an yi arba'in. Mun yi ta ja, na sha kaye. Abin da na samu shi ne an cire tsumman taga, Rabi kuma ta koma kwana ɗakin kakarta.

Mun dawo Konni da la'asar sakaliya da kabeji biyu da ciwon baya. A hanya gwaggo ta tambaye ni sau nawa na je ƙauyen tun haihuwar Rabi. Na ce sau shida. Ta ce a cikin gidajen biyu ni kaɗai ce na yi lakwal, wato makarantar boko. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: sau shida ina kai atamfa da sabulu, ina zagin jahilcin ƙauye a zuciyata, kwallar nan tana gabana, ban taɓa cewa a ba ni karnen in duba ba.