Ƙasa da Layin Gansakuka

Tagata da ta gidan Gildo Penzo suna kallon juna. Rio ne kawai tsakaninmu, lungun ruwan da kwale-kwale biyu ba sa gifta juna a cikinsa sai an yi zage-zage. Igiyar shanya ɗaya gare mu ni da matarsa Fosca, baki ɗaya a bangona, ɗaya a nasu, shekara talatin da huɗu. Mun yi da ita cewa Litinin da Alhamis nata ne, sauran ranaku nawa, kuma ba mu taɓa bin wannan tsari ba ko sau ɗaya. Don haka in na ce na san mutumin nan, ba a bakin wani na ji ba. Na san yawan singiletinsa, na san shekarar da wandunansa suka fara yi masa yawa.

Gildo ɗan laka ne. A shekarun da hukuma take da zuciyar yashe lungunan ruwan birninmu Venezia, yana cikin waɗanda ake turawa. Su toshe rio gaba da baya, su zuƙe ruwan, su sauka cikin baƙin taɓo da shebur da baro. In ya dawo gida, Fosca ba ta barinsa ya hau bene sai ya tuɓe a ƙasa. To a can cikin taɓon ya koyi ɗinki. Haka magina suke ce wa aikin a nan: ka zare ruɓaɓɓen bulo ɗaya, ka sa lafiyayye a gurbinsa, ka jira ya kama, sannan ka taɓa na kusa da shi. Mai gaggawa ba ya iyawa, ginin zai zauna masa a ka. Gildo kuwa ko miya yake sha sai ta huce a cokali.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta ishi Fosca. Duk tsohon jan bulon da ya tono a laka, in ya ƙwanƙwasa ya ji yana amsawa, sai ya wanke shi ya kawo gida. Ɗakin ƙasa ya cika har rufi.

"Mazan mutane suna shigowa da kifi," takan faɗa mini ta taga, da ƙarfi don ya ji, "nawa duwatsu yake kawo mini. Yau da wanne za mu ci tuwon polenta, tsoho?"

"Ki bar su, tsohuwa," yakan ce. "Sun girme ki, kuma sun fi ki shiru."

Daga baya aka daina yashe ruwan, Gildo ya ajiye aiki, jiragen inji suka yi yawa. Rionmu ya zama hanyar yanke ga jiragen tasi masu kai baƙi otal. An kafa allo mai cewa a tafi a hankali, direbobin suna wuce shi kamar hoton kakarsu. Kowane jirgi ya wuce sai ruwa ya mari bango, ya ja baya, ya tafi da ɗan abin da ya samu. Wata safiya Fosca ta nuna mini tsaga a saman tagar ɗakin kwanansu, siririya kamar zare.

Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, kamar kusan kowane gida a unguwarmu. Ko ƙusa ba ka bugawa a bangon waje sai da takarda. Gildo mutum ne mai bin doka, ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya tafi ofis. Masu kula da tsofaffin gine-gine suka ce gyaran bangon yana buƙatar a kafa katakan hawa a cikin rio, wannan kuwa hurumin masu kula da hanyoyin ruwa ne. Masu hanyoyin ruwa suka ce ba a rufe rio a tsayar da jirage sai in gindin bango ya ruɓe har ana tsoron faɗuwarsa, kuma masu gine-gine ne za su zo su tabbatar da hakan. Aka ba shi lamba, aka ce ya jira.

Shekara bakwai ya jira. Ni da nake ba da labarin ma raina ɓaci yake yi.

Kowane bango a garin nan yana da koren layi, iyakar inda ruwa yake kaiwa in ya cika. Daga nan zuwa ƙasa gansakuka ce, daga nan zuwa sama idon jama'a ne. A hunturu na biyu na jiran nan, da rana tsaka, ruwa ya janye sosai har laka ta fito, na leƙa na ga Gildo tsaye a ciki da dogon takalmin roba, yana tura yatsa cikin gindin gidansa. Yatsan ya shige kamar cikin burodi.

"Siora Ondina," ya ce da ni ba tare da ya ɗago ba, "kina da jan mayafin tebur?"

"Ina da shi. Biki za ka yi?"

"In kin hango jirgin hukuma, ki kaɗe shi ta taga."

Haka na zama mai gadi da tsufana. Duk ranar da ruwa ya sauka, Gildo yakan shiga da bulo uku ko huɗu daga ɗakin ƙasa, da kwaɓin farar ƙasa da dakakken bulo irin na mutanen da, don ya ce siminti guba ne ga tsohon gini. Ya zare, ya sa, ya shafe da babban yatsa. Kafin ya tura kowane bulo, sai ya ɗauki ƙusa ya zana harafin F a fuskar da za ta shige ciki. Fosca ta ce wannan ita ce wasiƙar soyayya ta farko da ya taɓa rubuta mata, kuma ya binne ta a laka. Ruwa ya dawo ya rufe aikin, cikin 'yan makonni gansakuka ta shafe shi. Amma ko sau ɗaya bai ɗaga hannu sama da koren layin ba. Can kowa zai gani, kuma can ne tsagar take ƙara buɗe baki.

Na taɓa ce masa, "Sior Gildo, ka bar musu abinsu mana su zo su ga yadda ya lalace."

Ya dube ni kamar na ce ya bar jariri a bakin ruwa. "Ina kallo?" Abin da ya ce ke nan.

A shekara ta bakwai, cikin Fabrairu, mai duba ginin ya zo. Dottor Ballarin sunansa, mutum mai ladabi, ya zaɓi ranar da ruwa ya sauka don ya ga gindin da kyau. Ban kaɗa mayafi ba, wannan zuwan shi muke jira. Fosca har ta soya kifin sardin da albasa don a ba shi. Ya sauka cikin laka da takalmin aro, ya kankare gansakuka da ɗan ƙarfe, ya ƙwanƙwasa, ya matsa gaba, ya sake kankarewa. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Sior Penzo, ka san abin da kake zaune a kai?" ya ce. "Na duba bango ya fi ɗari a garin nan, ban ga irin wannan ba. Dubi kwaɓin! Hannun da ya yi wannan ya shekara ɗari huɗu a kabari. Gindin gidanka lafiya lau yake."

"Saman fa, Dottore?"

"Saman yana son gyara, ba musu. Amma ka san ƙa'ida. Tunda gindi bai ruɓe ba, ba zan iya rubuta gaggawa ba. Za ka koma layin kowa da kowa."

Har na ɗauka Gildo ya haƙura. Sannan ya ce, "Ni na yi shi."

Dottore ya yi dariya, irin wadda ake yi wa tsoho in ya yi barkwanci.

"Na ce ni na yi shi. Jeri na uku daga ƙasa, bulo na biyar daga matakala. Zare shi ka juya, za ka ga harafin sunan matata."

Dariyar ta tsaya. Dottore ya dubi bulon, ya dubi hannun Gildo da farar ƙasa ta cinye wa fata, ya daɗe yana dubawa. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ya rage murya, amma rio ba ya riƙe sirri, na ji komai.

"Sior Penzo, in na zare shi dole in rubuta. In na rubuta, ka taɓa ginin tarihi ba izini. Kotu ke nan, kuma za a rufe gidan har a gama bincike. Gindin kuma ko wa ya yi shi, lafiyayye ne, ba zai sa a rufe rio ba. Don Allah ka bari in ce ban ji ba."

Daga sama Fosca ta leƙo. Ban taɓa jin muryarta ta yi sanyi haka ba. "Gildo, hau ka ci abinci. Ka bar bawan Allah ya yi aikinsa."

Ya hau. Dottore bai ci sardin ɗin ba.

Kaka ta gaba aka yi ruwan sama na kwana tara. Tsagar ta buɗe har Fosca tana hango fitilar kicin ɗina daga kan gadonta. Ranar Talata da hantsi wani ɓangare na saman tagar ya zube cikin rio, saura kaɗan ya sami wani jirgin kaya. Wannan karon ba a yi shekara bakwai ba. Kafin azahar 'yan kwana-kwana sun iso, sun tokare bangon da katako daga ciki, sun liƙa takarda a ƙofa cewa gidan ba ya zaunuwa. Aka ba su awa biyu su kwashe abin da za su iya. Fosca ta bar zanen gado biyu a kan igiya, ta ce in janye mata, za ta zo ta karɓa.

Suka koma wurin 'yarsu a Mestre, can kan tudu nesa da ruwa, hawa na huɗu, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Fosca da aka haifa a bakin ruwa ta ce ba ta iya barci, shirun wurin ba irin namu ba ne. Ba ta zo karɓar zanen ba. Hunturu biyu ta yi a can, muka je muka binne ta.

Gidan yana nan a rufe. Rahoton Dottore ya yi farin jini, har an manna ɗan allo a kan gada mai bayanin gindin bangon da gwanintar magina na da. In ruwa ya sauka, ɗalibai sukan zo su ɗauki hoto. Nakan ji kamar in watsa musu ruwan wanke-wanke, alhali ba su yi mini komai ba.

Gildo ya zo sau ɗaya, a Fabrairun da ya wuce. Ya shiga bas, ya tako tun daga tasha, ya hau benena yana hutawa a kowace matakala. Na dafa kofi, bai taɓa ba. Ya tsaya a tagata yana kallon aikinsa, jeri bisa jeri, ko ɗaya bai motsa ba. Sama da layin kuwa bangon ya kumbura kamar cikin mara lafiya.

"Ya riƙe," na ce, don in ce wani abu.

"Ya riƙe," ya ce. Can ya ƙara, "Kin faɗa mini, Siora. Da na bar shi ya ruɓe, da yanzu tana nan tana zaginki a kan igiya."

Na ɗauko zanen gadon nan biyu a goge, a ninke, na miƙa masa. Ya ce in bar su, gadon da yake kwana yanzu na mutum ɗaya ne.

Igiyar tana nan har yau, ta yi baƙi, ba na shanya a kanta. Jikata ta ce in kwance ta. Na ce mata ɗaya bakin yana ɗaure a bangon su Fosca, kuma wannan bango ba a taɓa shi sai da takarda.