Ranar da Baba ya karɓi tayina

Shekarun baya, cikin sanyin Doha, na yi wa wani dattijo tayin abin da na fi ji da shi a gidana, shi kuwa ya sa hannu biyu ya karɓa.

Tukunyar fure ce. Sunan furen fiyusha. Furanninsa ƙasa suke kallo, suna reto kamar 'yan kunne, ja a waje, ruwan shuni a ciki. Tsiron ƙasashen sanyi ne, shi da zafi ba sa ga-maciji, don haka mai rainonsa a Doha sai ya shirya wa hidima. Na samo ɗan reshensa a ƙungiyar masu lambu da na shiga, inda Indiyawa da Larabawa da Turawa ke haɗuwa suna musayar iri da shawara. Duk tsawon zafi yana falonmu a unguwar Lusail, kusa da taga amma ba a bakin rana ba, na'urar sanyaya ɗaki na aiki dominsa. Ina tsinke kan rassansa don ya yi cunkus, ina juya tukunyar kowace safiya don kada ya karkata gefe guda. Maiɗakina ta raɗa masa suna ɗan auta.

Ƙungiyar takan yi baje kolin furanni sau ɗaya a shekara, da alƙalai da komai. A shekarar ne zan fara shiga, kuma wannan tukunya ɗaya tilo ita ce duk abin da nake da shi.

Ana saura kwanaki kaɗan, ranar Juma'a bayan masallaci, Baba ya zo cin tuwo. Ba mahaifina ba ne. Mutumin Zongon Kumasi ne, direban motar ma'aikata, kuma a ɗakinsu na unguwar Najma na fara sauka lokacin da na zo ƙasar nan ban san kowa ba. Yana shiga falo ya ja ya tsaya.

"Kai, ɗana, wannan na roba ne?"

"A'a Baba, mai rai ne."

Ya sunkuya yana kallo, har ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Tabarkalla. Tun da nake ban taɓa ganin irinsa ba."

Sai bakina ya yi abin da aka koya masa tun ina yaro. Na ce, "Ai naka ne, Baba."

A wajenmu an san amsar wannan magana. Baƙo zai ce Allah ya amfana, Allah ya bar maka, a wuce wurin. Baba kuwa ya ɗaga hannu sama ya sa mini albarka mai tsawo, har da zuriyata, sannan ya ce, "Nemo min kwali."

Ni da kaina na ɗauki tukunyar na kai mota. Da na dawo na tarar da maiɗakina a kicin ta dafe ciki don dariya. Ta ce, "Sannu, sarkin kyauta. Ranar gasa sai ka kai wa alƙalai albarkar su duba."

Washegari da yamma na tafi Najma gaisuwa. Jibi ma haka. Gata ma haka. Ɗakin na mutum shida ne, gadaje masu hawa biyu, kuma sun ba furen wurin da ya fi daraja a ganinsu, wato kan taga, inda rana ke dukansa tun hantsi. Saboda ƙauna, kowa ya sha shayi sai ya juye masa ragowar. Na ga ƙananan furannin da ba su buɗe ba sun fara zuba a ƙasa. Ina hira ina murmushi, hannuna kuwa yana bayana yana jan tukunyar zuwa inuwa.

Wanda ya tona ni abokin ɗakin Baba ne, mai gadi a wani dogon bene na unguwar West Bay, mutum mai bakin barkwanci. Ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, Baba kake zuwa gaisarwa ko tukunya? Kullum sai ka fara tsoma yatsa a ƙasarta kafin ka ba mu hannu."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ba yadda zan yi, na faɗi maganar gasa.

Baba ya dube ni. "To me ya hana ka faɗa?"

"Da wane baki, Baba?"

Ya ja carbinsa ya ce, "Kyauta dai ba ta komawa gidan da ta fito. Wannan ba mu gada ba. Amma ana aro. Zan ara maka ranar, da sharaɗin mai abu zai bi abinsa. Khalas, magana ta ƙare."

Daga ranar ɗakin ya koma asibiti. An haramta shayi. Wanda ya dawo daga aikin dare shi ke sakin labule kafin rana ta ɗago, wanda zai fita da yamma shi ke juya tukunya. Mai gadin nan, da ya fi kowa tsokana, shi ya fi kowa tsanani. Ya kira ni a waya ina ofis, muryarsa kamar an yi gobara: "Malam, ganye ɗaya ya yi rawaya. Mu cire ko mu jira ka?"

Ranar gasa mota biyu muka yi. Baba na gaba cikin farar riga mai aiki, tukunya a cinya, duk inda muka zo kwana sai ya ce in bi a hankali, ba buhun doya na ɗauko ba. A bakin zaure na gaya wa sakatariyar ƙungiya gaskiyar lamari, cewa ni na raina amma ba nawa ba ne. Ta yi dariya har da share ido, ta rubuta sunayenmu biyu.

Alƙalai suka zagaya tukunyar, suka leƙa ƙarƙashin ganye, suka daɗe a gefen da rana ta ƙona. Muka zo na uku.

Wadda ta zo ta ɗaya an tafa mata cikin natsuwa, irin ta mutanen lambu. Da aka kira mu, mutanen Najma suka miƙe gaba ɗaya da sowa, mai gadi yana kaɗa kujera kamar ganga. Wani Bature da ke kusa da ni ya tambaya ko an canja sakamako ne. Ɗan ƙyallen yabon da ake maƙala wa tukunya kuwa, Baba ya karɓa ya maƙala a ƙirjin rigarsa, ya bi zauren yana gaisawa da mutane, yana yi musu bayanin illar shayi ga fiyusha.

A hanyar komawa ya ce in tsaya. Ya miƙo mini tukunyar ya ce in yanki reshe biyu in dasa. Na fara cewa a'a, a bar shi haka. Ya ce, "Yanka, ɗana. Ni ba tayi nake yi ba."

Duk fiyushar da ke gidana yau jikokin waɗannan rassa biyu ne. Na shiga gasa bayan nan, wani lokaci na yi abin kirki, wani lokaci na dawo hannu rabbana, amma ban sake jin daɗin da na ji a wannan na ukun ba. Ni na ɗauka fure abin kallon mutum ɗaya ne a falonsa, sai ga maza shida da ke dawowa aiki a gajiye suna rabon kwana a kansa.

Tayi kuwa ban daina ba, don ba a sauya wa tuwo suna. Sai dai yanzu, duk Juma'ar da za mu yi baƙi, tun kafin a ɗora tukunyar miya nake kwashe nawa tukwanen in kai ɗakin ciki, in ja ƙofa.