Man Dahome da Ƙirjin Ɗan Fari

Tun ina da ciki nake tsoron ciwon ƙirji. Gidanmu a Bagudo iskar gulbi na shigarsa da sanyinta, kuma na ga yadda tari ya ɗauke wa yayata 'ya'ya biyu tun ba a yaye su ba. To da na haihu, shekarar da ake ta cewa Turawa sun miƙa mulki, kullum kunnena na kan numfashin yaron. Sai dai ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban manya, in ya yi kuka ta kau da kai. Uwar mijina, da muke ce wa Inna, ita ke da shi. Nawa ba da nono ne kawai.

Yana wata huɗu mura ta kama shi, hanci ya toshe, in ya kama nono sai ya saki. Ran kasuwa wata mai koli daga wajen Dahome ta shigo gidanmu, ta fito da 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsa ba. Wai mai ne da aka tatso daga ganyen wani itace, da shi Faransawa ke korar sanyi. Tana buɗewa ƙamshi ya cika tsakar gida har idona ya kawo ruwa.

Ina gefe ina tankaɗe, ina kallo. Rubutun jikin kwalbar ya goge. Murfin ba nata ba ne, totuwar masara aka sassaƙe aka toshe bakin. Da ɗigo ya taɓa yatsan matar, maza ta goge shi a ƙasa. Ga 'yar da take goye da ita majina har leɓe, amma ban ji ƙamshin man a jikinta ba.

"Ke 'yar ƙasar Dandi, in ƙarya kika yi mani, har Dahome zan bi ki da muciya," in ji Inna.

"Haba Inna, ni da kike sayen allura hannuna tun ina budurwa?"

Inna ta saya. Ta ce gobe bayan wanka za ta shafe masa ƙirji da hanci.

Na so in yi magana, baki ya ƙi. Matar ɗa ta ja da uwar miji, kuma a kan ɗan fari? Da labarin rashin kunyata ya kai Kurgu, garin iyayena, kafin Juma'a.

Da la'asar Inna ta tafi barka maƙwabta. Na ɗauko kwalbar, na ɗiga uku a cikin hannuna, nan ƙasan gwiwar hannu inda fata ke da laushi. Da fari sanyi, can sai zafi kamar an ɗora garwashi. Kafin gari ya waye wurin ya yi ja, ya ɗuri ruwa.

Ban faɗa wa kowa ba. Da Inna ta zauna yi masa wanka, ni na kawo ƙwaryar ruwan ɗumi. Na miƙa mata da cikin hannun a sama, na daɗe ban janye ba.

"Mi as same ki nan?"

"Man jiya ne, Inna. Na ɗan taɓa."

"Ke ma mura kike?"

Na sunkuyar da kai. Ta dubi hannun, ta dubi yaron tsirara a cinyarta.

"Marar kunya," ta ce a hankali. "Ɗauko mani man kaɗe."

Da man kaɗe ta shafe shi ran nan da sauran kwanakin. Murar ta yi mako guda ta tafi. Kwalbar kuwa cikin adakar tufafinta ta ƙare, wai tana korar ƙwari. Har yau ban san abin da ke ciki ba. Wata maƙwabciyarmu ta rantse ya yi mata maganin ciwon kai, ban ƙaryata ta ba, amma ban kuma yarda da mai da ƙamshinsa ke riga shi isowa ba.

Don Allah, duk man da aka kawo muku a 'yar kwalba, kada ku ɗora shi a jikin jariri sai kun tambayi wanda ya san magani. In kuwa jikanku ne, ku tambayi uwar ma, ko da ta yi shiru.