Kuskuren Kaka Kilero

Duk wanda ya taɓa hawowa gidanmu a unguwar Parkchester, nan ƙasar waje, da tsakar rana ya san busar nan. Da azahar ta kawo jiki, sai Kaka Kilero ya dunƙule hannu ya kai baki, ya kumbura kumatu: "Tarara-ta-ta, tarara-ta-ta!" Ma'ana a kawo abinci. Begilarsa ta gaske, ƙahon nan na soja, tana ƙarƙashin gadonsa, naɗe cikin tsohon zanen kakarmu, duk ta lotse. Tun ranar da ya busa ta a bakin taga maƙwabta suka yi ta dukan bango, Baba ya roƙe shi ya koma busa da hannu. Sunan ma a wurinta ya samo shi, don kilero ita ce begila a bakin sojan Faransa, kuma aikin da ya yi ke nan yana saurayi. Ni ce jikarsa Balki, wadda yake kira Amarya. Mijina Isufu kuwa bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai Ɓarawo, wai shi ya sace masa mata.

Baba ya kawo shi daga Damagaram ne don a yi masa aikin ido. Ido ya buɗe, ya ga firiji cike, ya ce komawa ba gaggawa. Kun san kuma maganarsa, wadda har yaranmu masu amsa mana da Turanci sun haddace: "A ci tukuna." Ko mene ne ya taso, a ci tukuna.

Wata rana ƙararrawar gobara ta ɗauka a benenmu, mutane na ta rige-rige a matakala, ana jin ƙauri. Kaka na zaune gaban tuwo da miyar kuka.

Na ce, "Kaka, wuta! Tashi mu fita!"

Ya ce, "Amarya, a hawa na nawa take?"

"Ina na sani!"

"To kafin ta iso na gama."

Wani ƙaton ɗan kwana-kwana ya shigo yana ta zuba Turanci. Kaka ya dube shi sama da ƙasa, ya ce da ni, "Ce masa ya wanko hannu." Wallahi a kan kujerarsa aka sauko da shi, kwano a cinya, yana kai loma. Ashe burodi ne ya ƙone a ɗakin wata mata. Da ya ji haka sai ya ce, "Kun gani ko? Da yanzu tuwona ya huce a kan burodin wani."

Ɗayar maganarsa ita ce "sun juya hoto." In an yi juyin mulki a wata ƙasa muka gani a talabijin, sun juya hoto. Baba ya canja kamfanin waya, ya juya hoto. Ƙanena ya bar ƙungiyar ƙwallon da yake bi, Kaka ya ce, "Yaro ƙarami da kai, har ka iya juya hoto?" Wannan magana da ta abincin duk daga labari ɗaya suka fito, labarin da ba wanda ya zauna da shi bai ji ba, wasunku sun ji shi har sun gaji.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, in ji shi, Faransa ta rabu biyu. Akwai wani tsohon Marshal da ya miƙa wa Jamus wuya yana mulkin ƙarfe, akwai kuma wani dogon Janar da ya tsere Ingila ya ce bai yarda ba. Barikinsu Kaka, can kusa da iyakar ƙasar Ingilishi, na Marshal ne. Kowace safiya sai sun tsaya gaban hotonsa sun yi masa waƙa da Faransancin da ba sa ji. Abinci kuwa ya yi ƙaranci, gero da tsakuwa ake dafa musu.

Sai wani laftanan Bature, yaro mai zafin kai, ya haɗa baki da wasu manyan sojoji baƙaƙe. Shirin shi ne, da safe in kumandan ya fito ɗaga tuta, Kaka zai busa kiran ɗaukar makamai. Sojoji su ruga ɗakin bindigogi, a ɗaure kumandan, a kwashi bariki ɗungum a ƙetare iyaka a koma ɓangaren Janar. Yawancin sojojin ba a gaya musu kome ba, an dai san abin da begila ta ce shi za su yi.

A nan Kaka kan tsaya ya gyara zama. "Na hau kan katanga. Laftanan ya taɓa hularsa. Na cika ƙirji. Sai na busa lasuf."

Lasuf ita ce busar kiran abinci. Sojoji masu yunwa suka ji, kowa ya suri kwanonsa suka yi madafa a guje, alhali kuku ko wuta bai hura ba. Aka bar laftanan shi kaɗai a tsakiyar fili, hannu cikin aljihu a kan ƙaramar bindiga. Ya dubi hagu, ya dubi dama, sai ya ƙame ya sara wa tuta. Juyin mulki ya ƙare ke nan. Aka mayar da laftanan wani wuri mai nisa, shi kuma Kaka aka zane shi aka kulle a kaso saboda wauta. Bayan 'yan watanni ƙasar gaba ɗaya ta koma ɓangaren Janar ba tare da an harba ko harsashi ba. Kumandan ɗin nan dai, shi da kansa, ya sauko da hoton Marshal, ya liƙa na Janar a bayansa, ya juya ya mayar kan ƙusarsa.

Mu kuwa dariya muke yi masa. Isufu kan ce, "Kaka, kai ne sojan da cikinsa ya kayar da juyin mulki!" Shi kuma ya ce, "Ɓarawo, yunwa ba ta san Faransanci ba." Har abokan Baba in sun zo sai su ce, "Ina mai kuskure?" Ya amsa, "Ga ni." Bai taɓa jin haushi ba.

To, ku da kuka halarci taron ƙungiyar 'yan garinmu na shekarar da ya rasu kun san abin da ya faru a zauren, amma ba ku san abin da ya faru a kicin ɗina ba.

Alhaji Mamman ya daɗe a kujerar shugaba, ya kuma jingina ƙungiyar da wata jam'iyya ta gida. Samari suka ce sun gaji, za su ƙwace kujera su kai ƙungiya ɗaya jam'iyyar. Isufu na cikinsu, har da rawar kai. Shirinsu, ranar Lahadi in taro ya cika, a ba da alama, wasu su rufe ƙofa su tsare ta, wasu su hau su karɓe makirufo. Matan ƙungiya kuwa ba abin da ke ɓoye mana. A wurin kitso na ji cewa mutanen Alhaji sun sani, sun tanadi nasu ƙarti, kuma an ba wani aiki guda: da an taɓa Alhaji ya kira 'yan sanda.

Takardun Isufu na izinin zama a ƙasar suna hannun lauya, ba su fito ba. Lauyan ya gaya masa ƙarara, kamu ɗaya ko na faɗan titi ne, an gama, sai a sa shi a jirgi a mayar da shi gida. Shekarun da ya yi yana talla a bakin titin Canal Street cikin sanyi yana kauce wa rigima, ga yara biyu, duk zai zubar a kan makirufo. Na yi magana, na yi kuka, ya ce mata ba su san siyasa ba.

Abin haushi, wa suka zaɓa ya ba da alamar? Kaka! Wai shi ne ba wanda zai zarga, tsoho ne da begilarsa. Isufu ya durƙusa gabansa ya ce, "Kaka, wannan karon dai ban da kuskure."

Kaka ya ce, "Haba Ɓarawo. Sau nawa mutum zai yi kuskure ɗaya?"

Da Isufu ya fita na ce, "Kaka, kai ma? Mijina za ka tura kurkuku?"

Ya ce, "In an kai shi ai kin dawo hannuna."

Na fashe da kuka, kukan gaske. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Amarya, tukunyar nan da kuke dafa abincin suna, tana wurin wa?" Na ce tana wurin Hajiya Memuna, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi. Ya ce yana so ya yi wa abokansa sojoji da suka mutu sadaka, ranar Lahadi, a wurin taro. Shinkafa da miya, da nama, kada a yi rowa. Ya ce Hajiya kuma ta yi wakenta da shinkafa da yajin nan nata mai sa hawaye. "Ku tsaya a waje da tukwane. In kun ji busa, ku shigo. Ku sa tsofaffi a gaba."

Ranar Lahadi muna tsaye a bakin zauren da tukwanenmu. Ta ƙofa ina hango ƙartin Alhaji sun harɗe hannu, ina hango mai wayar nan ya riƙe ta a tafi. Alhaji na cikin jawabi sai Isufu ya taɓa hularsa. Kaka ya miƙe da kyar, ya warware zanen kakarmu, ya kai begila baki.

"Tarara-ta-ta, tarara-ta-ta!"

Kai jama'a! Yaran da ke zauren, waɗanda duk sun san busar, suka ɗauka da ihu, "Lasuf! Lasuf!" Samarin da aka sa rufe ƙofa sun kama ta ke nan sai ga Hajiya Memuna da tukunya a ka, bayanta uwar ɗayansu da faranti.

Hajiya ta ce, "Kai, yaro, ka buɗe da kyau mana, so kake in ƙone? Karɓi wannan ka ajiye can."

Ya karɓa. Me zai yi? Kafin ka ce kwabo masu juyin mulki sun zama masu rabon faranti. Ƙartin Alhaji suka warware hannu suka shiga layi. Mai waya ya sa ta aljihu don ya sami hannun karɓar nama. Na hango Isufu tsaye kusa da makirufo shi kaɗai yana dube-dube, sai Kaka ya daka masa kira, "Ɓarawo, zo nan, a ci tukuna!" Ya zaunar da shi a faranti ɗaya da Alhaji Mamman. Kun san ba a zagin mutum hannu na cikin kwano ɗaya da nasa.

Sai da aka kusa sharce faranti Kaka ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Mamman, hotonka ya daɗe a bango. Ka sauke shi da hannunka kafin a juya maka shi." Alhaji ya gama tsotsar ƙashinsa ya ce to, a sa ranar zaɓe. Ban taɓa jin daɗin ganin mijina da maiƙo a gemu kamar ranar ba.

A cikin jirgin ƙasa muna komawa, Isufu ya zauna can nesa yana cika yana batsewa. Na matsa kusa da Kaka na ce, "Kaka, tsakaninka da Allah, waccan ta bariki kuskure ce?"

Ya shafa begilar. Ya ce, "Amarya, shekara nawa ina busa, in kasa bambance lasuf da kiran makamai? Da na hau katanga na hango rufin ɗakin bindigogi. An shimfiɗa tabarma, bakin babbar bindiga na leƙowa daga ƙarƙashinta. Kumandan ya sani. Shi laftanan ko an kama shi, kotu za a kai shi, Bature ne. Mu kuwa bayan bariki za a gina mana rami ɗaya. Yaran nan ko abin da ake ciki ba su sani ba."

Na ce, "Shi ne ka bari ana yi maka dariya tun daga lokacin?"

Ya ce, "Da na faɗa a lokacin, harbe ni za a yi. Daga baya kuma na ga masu dariyar duk suna da rai. Ai sai mai rai ke dariya." Sai ya zungure ni. "Kada ki gaya wa Ɓarawo. Bar shi ya yi ta kirana mai kuskure."

Ban gaya masa ba sai ranar da aka dawo daga maƙabarta, an binne Kaka. Takardunsa sun fito wata biyu kafin nan, Kaka ya riƙe katin ya juya bayansa, wai yana duba ko akwai wani hoton. Da Isufu ya ji gaskiyar labarin bariki, sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, na ji shi yana kuka. Begilar yanzu tana ƙarƙashin gadonmu, Isufu ne ya ce a ba shi ita.

Kaka, mijina na fari, na yafe maka tuwon da ka sa na ɗumama ba adadi, kai ma ka yafe mana dariyarmu. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da rayukan da ka tsare a can da nan. Ranar da za a busa ƙaho, Allah ya sa kiran walima ne a gare ka. Amin.