Makarar da Ta Ɗauki Mai Rai

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Sha'aban, shekarar da na shiga aji biyu na elementare a Wurno, Turawa suna mulki tukuna, na tsaya bakin zaurenmu da hantsi ina kallon maza sun fito da mahaifina a cikin makara. An lulluɓe shi da farin saƙi wanda shi da kansa ya saƙa, an ɗora tabarmar kaba a sama. Da suka karkata za su fita ƙofa, mayafin ya ɗan zame, na ga babban yatsan ƙafarsa ya motsa. Na buɗe baki zan yi magana, sai Gwaggo Hajo, yayar Baba, ta damƙe mini kafaɗa har farcenta ya shige ni. Ta sunkuyo ta ce, "Mi kinka gani? Ba ki ga komi ba." Sai da na girma na gane farcen nan ne ya riƙe ran Baba.

Unguwarmu ta talakawa ce, can bayan kasuwa, lungu cikin lungu: masaƙa, masu jakuna, da mata masu dakau. Ruwan wankan wani yakan bi ta ƙofar wani, tarin wani kuma yakan tashi maƙwabcinsa. In na dawo makaranta nakan ajiye allo, in ɗauki tulu zuwa gulbi, in dawo in taya Inna surfe, sannan in samu 'yan uwana mu baje duwatsun carafke gindin durumin da Baba ke saƙa. Har yau ina jin ƙarar ƙoshiyarsa tana kai da komowa, zaren ya miƙe fari fat har tsakiyar lungu, kaji suna bi ta ƙarƙashi. Amma ba saƙa kaɗai aka san shi da ita ba. Shi ne mai wankan gawar mazan unguwa. In an yi rashi, sai ya tashi daga masaƙa, ya tsinko ganyen magarya, ya ɗauki ƙwaryarsa da tsumman da yake naɗewa a hannu. In ya dawo ba wanda ke tambayarsa kome. Tun muna ƙanana mun san cewa mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani a jikin mamaci. Amana ce, kabari kaɗai ke karɓarta daga hannunsa.

Akwai wani saurayi mai suna Ɗan Bala, mutumin Taloka, da ke kawo albasa a kan jakuna yana sauka gidan da ke jikin namu. Mai raha ne, yakan ɗora mu bisa jaki in ya sauke kaya, ya ce mu riƙe kunne da kyau kada jakin ya ji gulmar da muke yi. A shekarar an matsa wa mutane da aikin hanya na tilas, 'yan doka suna bi suna kama majiya ƙarfi. Shugabansu a garin wani dogo ne mai jar dara, ba ya rabuwa da kulki da dorina, kowa Saje yake ce masa. Suka tare Ɗan Bala da kaya niƙi-niƙi, ya roƙa a bar shi ya kai albasar mutane kasuwa tukuna kada ta ruɓe. Roƙon nan shi ne laifinsa. Aka tafi da shi da ƙafafunsa, aka dawo da shi cikin tabarma, aka ajiye a ƙofar masaukinsa kamar buhun dusa. Ɗan dokan da ya rako gawar ya ce zazzaɓi ne.

Baba ne ya wanke shi. Ya daɗe a ciki fiye da yadda ya saba, da ya fito kuma bai koma masaƙa ba. Inna ta kai masa tuwo ya dawo yadda yake. Na gan shi zaune yana duban tafin hannuwansa kamar baƙi ne gare shi.

Yayan Ɗan Bala bai yarda da zancen zazzaɓi ba. Ya kai kuka har kunnen Baturen da ke yawon rangadi, aka ce Baturen zai sauka bariki, kuma duk wanda ya ga jikin mamacin ya zo ya faɗa. Garin nan kaf mutum ɗaya ne ya gani. Washegari da azahar muna carafke sai ga Saje da mutanensa. Ya tsallake zaren Baba da takalminsa, ya tsuguna, ya gaishe shi cikin ladabi har da "Allah gafarta Malam". Sannan ya yi murmushi ya ce, "Malam, ni jahili na, amma na ji an ce mai wankan gawa ba shi faɗin abin da ya gani. Ko ba haka littafi ya ce ba?" Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Aibin mamaci anka ce a rufe. Wanga ba aibin mamaci na ba, aibin mai rai na."

Abin da ya biyo baya ban taɓa iya ba da labarinsa ba sai na tsaya na yi salati. Suka jawo turmin Inna da ke kife a bakin zaure, suka shimfiɗa hannuwan Baba a kan gindin turmin, Saje ya bi yatsun da kulki ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai fasa gyaɗa. Lungun ya cika da mutane, ba wanda ya yi tari. Baba bai yi ihu ba, sunan Allah kawai yake ja da numfashi. Da Saje ya gama, ya goge kulkin da farin saƙin da ke kan masaƙa, ya ce, "Yau hannu. In harshe ya motsa, a nemo wanda za shi wanke mai wanki." Ya bar 'yan doka biyu a bakin lungu don kada Baba ya fita.

Maɗori ya zo ya ɗaure abin da zai ɗauru. Zazzaɓi na gaske ya rufe Baba, amma ko cikin magagi cewa yake a kai shi bariki, bakinsa bai karye ba. Gwaggo Hajo ce ta tsaya a kansa tana hawaye tana faɗa: "Ka tafi bariki? Bature kwana nawa za shi yi garin ga? Shi ya hau dokinai ya wuce, mu da Saje anka bari!" Ta fita ta bi gidajen lungu, ta shiga wurin Liman ta daɗe. Liman ya ce shi ba zai sallaci mai rai ba, kuma ba zai ce ya mutu ba, amma makara itace ce, ba a hana ta ɗaukar mara lafiya ba.

Haka aka fito da Baba ranar Alhamis ɗin nan, bai san inda yake ba. Mata suka sa kuka a cikin gida, kuma ba kukan ƙarya ba ne. 'Yan dokan bakin lungu suka miƙe, suka raɓe jikin bango don makara ta wuce. Ɗaya ya tambaya wa ya rasu, wani dattijo ya ce, "Kowa na Allah na," bai ƙara ba. Ba su ɗaga mayafin ba, don sun san abin da suka yi, sun ɗauka dukan ne ya kashe shi. A bayan maƙabarta jakunan Ɗan Bala na jira. Aka kwantar da Baba tsakanin buhunan albasa, aka bi da shi ta fadama zuwa Gandi wurin dangin Inna, aka tara ƙasa bisa ramin da ba kowa a ciki.

Ba wanda ya furta cewa ya rasu. "An tafi da shi" kawai ake cewa. Inna ta zauna ɗaki, ana ce mata ya haƙuri, tana cewa mun gode Allah. A makaranta ƙawayena suka riƙa bar mini ci a carafke don tausayi, ni kuwa abin da na sani yana ci na kamar garwashi. Cikin masu gaisuwa har da Saje. Ya zauna a zaurenmu, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha da shi, ya dafa kaina ya ce, "Allah sarki, marainiya. Zazzaɓin bana ba shi da kyau." Bature ya zo, ya tambayi inda mai wankan yake, aka nuna masa tarin ƙasa. Ya wuce.

Bayan girbi muka bi Baba Gandi da kaɗan-kaɗan. Yatsunsa sun haɗe a karkace, bai sake riƙe ƙoshiya ba, bai sake wanke kowa ba, alwala ma Inna ke zuba masa ruwa. Bai sake taka Wurno ba, don a can matacce ne. Bai taɓa yi wa Gwaggo godiya ba, bai kuma taɓa zarginta ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Kun fid da ni, kun bar Ɗan Bala." Ita kuma ta ce, "Shi ya riga ya tafi. Kai muna iya ba ka fura."

Yanzu jikokina suna nuna mini a waya yadda ake dukan mutum a titi, duniya duka tana kallo, amma wanda ya ɗauki hoton shi ke kwana a ɓoye. Gidajen unguwarmu sun yi katanga da ƙofar ƙarfe, ban san ko za a sami lungu guda da zai haɗa baki ya ɗauki mutum ɗaya a kafaɗa ba. Nakan yi kewar mutanen nan, nakan kuma nema musu gafara, don sun ceci rai da abin da suke da shi, ba su da ikon ceton gaskiya.

Ranar da Baba ya rasu da gaske, mai wankan Gandi ya fito idonsa jawur, ya tsaya bakin ɗaki ya ce, "Ku gafarce ni, ba a tambaya. Amma hannuwan ga, wa ya yi musu haka?" Inna ta ɗaga kai a gaban jama'a, ta faɗi sunan Saje da na ubansa, ta faɗi na Ɗan Bala. Shaidar ta makara, amma an ba da ita.