Dashe da Ledarsa

A ƙauyenmu da ke ƙasar Kiru, mahaifina bai taɓa noma har bakin kogi ba. Yakan bar gaɓar da gambarta da itatuwan ɗinya, ya ce wannan rabon kogi ne. A nan zabin daji ke yin ƙwai, ta nan Fulani ke gangarawa da shanu mashaya. Ba wanda ya kafa doka, kunya ce kawai take gadin wurin.

Wanda ya fara ajiye kunyar wani ɗan kwangila ne na garinmu. Shi ya sare itatuwan ya buɗe wa tifofi hanya, suka yi ta kwasar yashi har gaɓa ta zabtare, ta tafi da gefen gonarmu.

Bara sai muka ji an naɗa shi shugaban kwamitin kare kogi. Na je taron dashen itatuwan da ya kira, don in ga iyakar rashin ta ido. Ana tsakiyar bazara, ƙasa ta bushe ƙamas, ya iso cikin farar shadda ana riƙe masa laima. Aka miƙa masa dashe, ya cusa shi a rami da baƙar ledarsa ko yagewa bai yi ba, ya gyara hula aka ɗauki hoto. Mu manoma muka dubi juna. 'Yan rakiyarsa suka tafa.

Da na sake bi ta wurin, awaki sun cinye ganyen, tifarsa ta take sauran. Ledar ce kaɗai ta kama, har yau tana nan.